Abin da na gani bayan mun ajiye littafin rajistar baƙi

A ƙarshen shekarar 2023 mai otal ɗin da nake kula da shi a Kano ya ɗora mini aikin raba mu da babban littafin rajistar baƙi, mu koma amfani da manhajar kwamfuta, makullan kati a ƙofofin ɗakuna, da intanet kyauta ga masu sauka. Cikin wata biyu aka kammala haɗa komai, kuma a lokacin hankalina duka yana kan saurin aiki, domin layin da ake yi a teburin karɓar baƙi ya daɗe yana jawo mana ƙorafi.

Ranar da idona ya buɗe, na tsaya ne a bayan wani ma'aikacinmu yana karɓar baƙo, sai na ga ya ɗauki hoton fasfo ɗin mutumin da wayarsa ta kansa, ya tura a zauren WhatsApp na ma'aikata domin mai aikin dare ya shigar da bayanan daga baya. Da na nemi ya nuna mini wayar, na tarar da hotunan katunan shaida na mutane da yawa, wasu ma sun bar otal ɗin tun watanni da suka wuce, kuma a zauren har da ma'aikata biyu da suka riga suka ajiye aiki. A ƙasan allon kwamfutar kuwa an manna wata 'yar takarda ɗauke da kalmar sirri guda ɗaya da kowa yake shiga da ita. Ban ga laifin yaron ba, domin ni ne na kawo sabon tsari ban zauna na koya wa kowa yadda ake riƙe amanar da ke cikinsa ba.

Daga nan ne na zauna na karanta Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023. Dokar ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutse mai barazana ga haƙƙin mutane, kuma tarar ƙaramar ma'aikata tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekara, duk wanda ya fi yawa. Abin da ya fi damuna shi ne, da an sace wayar nan, ba ni da hanyar sanin baƙi nawa abin ya shafa, balle in sanar da su.

Labarin MGM Resorts, wani babban kamfanin otal-otal na Amurka, ya taimaka mini wajen shawo kan mai otal ya yarda mu gyara tsarinmu. A Satumbar 2023 masu kutse sun kira sashen taimakon ma'aikata ta waya suna ikirarin su ma'aikata ne, aka buɗe musu hanyar shiga kwamfutocin kamfanin, makullan ɗakuna suka daina aiki, kamfanin kuma ya ce ya yi asarar kusan dala miliyan 100.

Mun ba kowane ma'aikaci nasa sunan shiga, mun raba intanet ɗin baƙi da layin da kwamfutar karɓar baƙi da kyamarorin tsaro suke kai, mun kuma hana rubuta lambar katin banki a takarda ko ajiye lambobi ukun da ke bayansa. Aiki mafi wuya shi ne kwalayen kwafin katunan shaida da ke jibge a sito, waɗanda a da ake sayar da irinsu ga masu naɗe tsire. Su ma mun tantance su ɗaya bayan ɗaya muka ƙone waɗanda ba mu da hujjar ci gaba da riƙewa. Har yanzu duk farkon wata nakan zauna da ma'aikatan tebur mu duba jerin masu izinin shiga manhajar, mu cire sunan duk wanda ya bar aiki.