Godiyar Iyalinmu Bayan Baba Ya Yi Sa'ayi da Ƙafarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda da suka tsaya mana tun ranar da Baba ya zame a banɗaki ƙashin ƙugunsa ya karye, har zuwa daren Juma'ar da ta wuce, lokacin da ya kammala sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ta haura kilomita 3, ba tare da an tura shi a keke ba. Sau biyar yana zama ya huta, amma da ƙafarsa ya gama, yana da shekara 81 a duniya.

Muna godiya ga likitocin da suka yi masa aiki, da jama'ar masallacinmu na unguwar Misfala a Makka da suka haɗa kuɗin gadon jinya, da matan maƙwabta da ba su bar tukunyar Hajiya ta kwana babu komai ba.

Godiya ta musamman kuwa ta 'yar ƙanwar Baba ce, likitar gashin ƙashi a Jidda, wadda ta zo dubiya bayan sallamarsa da mako uku ta tarar mun mayar da shi tamkar jariri. Ruwa a baki muke ba shi, alwala a kan gado, in ya yunƙura zai tashi mu ce ya kwanta, muna ganin hakan shi ne biyayya. Ta ɗaga zanen da ke ƙafarsa, ta kama cinyarsa da ta koma kamar taɓarya, ta dube ni ta ce, "Yaya, tausayinku ne yake cinye shi." Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ta faɗa. Ta bayyana mana cewa tsoho mai lafiya ma, idan ya yi kwana goma a kwance, yana iya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsa, kuma tsoka ce take shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, wanda hakan ya sa ciwon sugansa ya ƙi saituwa. Zaizayewar tsoka saboda tsufa tana da suna, sakofeniya, wanda Irwin Rosenberg na Jami'ar Tufts ya raɗa a 1989 daga kalmomin Girkanci masu ma'anar talaucin nama. Da Baba ya ji fassarar, sai ya yi dariya ya ce wannan talaucin bai san shi ba sai yanzu.

A bakinta muka fara jin sunan Maria Fiatarone, likitar da ba ta san da zamanmu ba, amma tana da haƙƙin godiya a kanmu. A 1990 ita da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, inda mutum goma masu rauni, 'yan kimanin shekara 90, suka riƙa ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. Tara da suka kai ƙarshe ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Da aka karanta wa Baba wannan, cewa ya yi ai su yayyensa ne, ba zai bari su fi shi ba.

Da ƙullin shinkafa kilo ɗaya aka fara, ana ɗaura masa a idon sawu da tsohon rawaninsa, yana miƙe ƙafa sau takwas ya huta. Daga baya aka koma tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, aka kuma ƙara masa ƙwai da madara a kan ful da tamis ɗin safe, wato dafaffen wake da gurasa. Wata bakwai aka yi ana wannan, akwai ranakun da ya yi fushi ya ƙi kula kowa, kuma autanmu ne ya sha mafi yawan faɗan, Allah Ya yi masa albarka.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Gadon jinya da sandar tafiya mai ƙafa huɗu mun mayar da su hannun limamin masallaci, duk wanda yake da tsoho a kwance ya same shi bayan sallar La'asar.