Me ya sa wufar motarka take ruri maimakon bugu?

Da zarar bes, wato sauti mai zurfi, ya ƙi daɗi a mota, wufa, lasifikar da ke fitar da shi, ake ɗora wa laifi, a ruga a sayo wata babba. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, akwatin da aka saka ta ne matsalar.

Rufaffen akwati yana ba da bugu mai tsabta, kuma wufa mai inci 12 takan so iskar lita 28 zuwa 35 a ciki. Mai rami ya fi ƙara, amma yana cin fili, kuma tsawon ramin da faɗinsa lissafa su ake yi, yawanci a daidaita shi tsakanin 32 da 35 Hz. In kafinta ya huda ramin da ka, ruri za ka ji kamar ana hura bakin tulu. A yi amfani da katakon MDF mai kaurin milimita 18, a bi kowace gaɓa da gam. Kunna sauti mai zurfi ka zagaya gefuna da bayan hannunka. Inda ka ji iska na fita, nan bes ɗinka yake zurarewa.

Sai amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai wufa. Maɓallin GAIN ba na ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita amfilifaya da rediyon motar. Murɗa shi har ƙarshe shi ke gurɓata sauti, ya dafa nadin wayar da ke cikin wufa har ka ji ƙauri. Cire wayoyin wufar, kashe ƙarin bes, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka kunna sautin gwaji na 50 Hz. Ninka wat na RMS, wato ainihin ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai, da om na wufar, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, ka ɗauki tushen murabba'in adadin. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, tushensa kusan bolt 31.6. Ɗora mitar gwada wuta a kan AC, ka haɗa ta inda ka cire wayoyin wufar a jikin amfilifaya, ka murɗa GAIN a hankali har ta nuna haka. Lambar PMPO da ke jikin kwali talla ce, kada ka yi lissafi da ita.

Tsayar da LPF, maɓallin da ke barin sauti mai zurfi kaɗai ya kai wufa, a wajen 80 Hz don kada muryar mawaƙi ta riƙa fitowa daga but. Mai akwatin rami ya saka SUBSONIC, maɓallin da ke tare sautin da ya yi zurfi da yawa, ɗan ƙasa da inda aka daidaita ramin, domin ƙasa da nan kwanon wufa yana lilo ne ba abin da ke riƙe shi. Ka gwada maɓallin da aka rubuta 0 da 180 a jikin amfilifaya kana zaune a kujerar direba, ka bar wanda bes ya fi cika.

In fitilun mota suna lumshewa duk lokacin da aka yi bugu, a fara da wayar ƙasa, wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen jikin mota: kada ta wuce santimita 45, kuma rewaya ya kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin ya ɗaure. Wayar wuta ta zama ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin geji 4 ga ƙarfin wat 500 irin wannan, da fis kusa da batir. Mai rahusa da aka shafe alminiyum da jan ƙarfe tana zubar da wuta.

Wannan kakkarwar da ake ji daga waje kuwa, galibi lambar mota ce da murfin but. Ɗan soso a bayan lambar da tabarmar butil a jikin murfin sun isa.