Adda ta biyu ce ta karye

Asabar da dare. Yara sun yi barci, ni kuwa guntun ƙarfen nan yana gabana a kan tabarma, na juya shi ya fi sau ashirin.

Da safe abin gwanin daɗi. Hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsun Shere, sanyi na ratsa ƙashi, amma da yake ranar gwaji ce ko shayi a tsaye na sha. Addunan nan uku da nake ƙerawa a maƙerarmu tun makon jiya sun kammala. Duk daga sifirin mota guda na yanko su, wanda na samo wajen 'yan gwangwan a Dilimi. Tsawo ɗaya, kaurin baya milimita 6, wasa iri ɗaya, ƙota iri ɗaya. A wuta kawai suka bambanta. Bayan na shayar da su a mai, wato na tsoma su da zafinsu don su yi tauri, sai gashi don rage musu gautsi: ta farko na gasa ta a obin ɗin uwargida a digiri 200, awa biyu, sau biyu. Ta biyu na tsaya a 175 don in ga ko kaifinta zai fi daɗewa. Ta uku 200 ita ma, sai dai na tsoma bakinta a ruwa na bi bayanta da wutar gas har ya yi shuɗi, don bayan ya yi laushi baki ya zauna da taurinsa.

Auta ya kwaso kayan gwaji tun jiya: katako biyu-da-huɗu daga Kasuwar Katako, busasshen gungumen turare, guntun ƙirya da ya rage wajen mai gawayi, da ƙashin ƙafar saniya da mahauci ya ba shi kyauta.

Katako bai ba kowacce wahala ba. Ta farko ta raba shi sau biyu, na kai ta hannuna ta aske gashi. Wannan ba ni na ƙirƙiro ba, gwajin ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka ne, wadda aka kafa a 1976. A wurinsu sai wuƙa ta yanke igiyar da ke reto da sara ɗaya, ta sare katako irin wannan sau biyu, ta yi aski, sannan a ɗaure ta a bayis a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta rabu biyu ba. Tun da na karanta haka na ɗauke shi ma'auni, na ƙara da ƙirya da ƙashi, domin mai faskare da mafarauci a nan ba katako mai laushi suke sara ba.

Turare ma lafiya lau. Auta har waƙa yake yi.

A ƙirya abin ya faru. Sara na huɗu da adda ta biyu, sai na ji ƙas! Ƙarar ma daban take, siririya, kamar an fasa tangaran. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gabanta ya tashi ya daki ƙyauren langa-langa, sauranta da ƙota suka rage a hannuna. Alhamdu lillahi Auta yana bayana, kamar yadda na kafa masa doka tun farko. Muka yi tsit. Shi ya ce sanyi ne ya karya ta. Na ce masa a'a. Gaskiya ne sanyi yana sa ƙarfe gautsi, a yaƙin duniya na biyu akwai jiragen ruwan Amurka da suka tsage a tekun Atilantika saboda haka, amma da sanyin Jos ne ai 'yan uwanta biyu ma da sun karye, a ɗaki ɗaya suka kwana. Na yanke hukunci cewa gashin 175 ne bai isa ba, na rubuta haka a littafina. Raina bai ɓaci sosai ba, don dama karyewa nake nema. Gara ta karye a hannuna da ta karye a hannun wanda ya ba ni kuɗinsa yana tsakiyar daji.

Bayan azahar Kawu ya shigo, ya zauna a kan turminsa kusa da zuga-zugi. Auta ya ba shi labari tun kafin in buɗe baki.

"Ɗan nan, har yanzu kana nan kana karya abin da ka ƙera?"

Na ce, "Kawu, in ban karya ba yaya zan san iyakarta?"

"Mu da muka yi shekara hamsin a bakin wuta, ka taɓa ganin mun karya wuƙa don mu san ta? Ƙarfe kuɗi ne, gawayi kuɗi ne. Miƙo min."

Na miƙa masa guntun. Ina ta yi masa bayani, yadda tauri da juriya suke kamar kishiyoyi, in ɗaya ta samu fili ɗaya ta ja baya. Wuƙar aski tana son tauri, ita kuwa adda dukan duniya take sha, don haka ake nema mata ƙarfen da kabon ɗinsa bai yi yawa ba. Na ce masa irin sifirin da ake kira 5160 kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin ɗari ne, da ɗan kuromiyam kusan 0.8, shi ya sa yake jure sara fiye da ƙarfen 1095 mai kabon kashi 0.95, kuma maƙeran Nepal ma da sifirin mota suke ƙera addarsu kukuri. Na ce taurin da ake so wa addar sara a ma'aunin Rockwell tsakanin 57 da 59 ne, ni kuma ina zargin wannan ta haura 60 saboda na rage mata gashi. Duk yana ji bai tanka ba. Ya kai guntun kusa da fuska, ya janye shi nesa, ya karkata wajen ƙofa. Sai ya sauke shi a cinya ya sa farcen babban yatsa yana gogawa a wurin karayar, a hankali, daga baki zuwa baya.

"Wannan ai tsaki ne," ya ce. "Ba gari ba ne."

Na ce ban gane ba.

"Ƙarfen da ya sha daidai, in ya karye cikinsa laushi gare shi kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Wannan farcena yana maƙalewa. Wuta ta ci shi tun kafin ya ga mai. Da rana ka shayar da ita?"

Jikina ya yi sanyi. Ta farko da ta uku bayan magariba na shayar da su ranar Talata. Ita ta biyun ranar Laraba ce, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ƙofa a buɗe, ina sauri in kai uwargida awo. Da hasken rana jan ƙarfe ba ya nuna gaskiyarsa, wanda ido zai ce ja ne a rana in an shiga duhu ruwan lemo ne. Na taɓa mata maganaɗisu kamar kullum, ya ƙi kamawa, amma maganaɗisu abu ɗaya yake faɗa: an wuce digiri 770. Ba ya faɗin da nawa aka wuce. Wannan ƙarfe wajen 830 yake so, in aka zarce da nisa ƙwayoyin cikinsa sai su yi girma, kuma babu gashin da zai mayar da su. Ga shi a cikin saurin nan ban yi mata abin da na yi wa sauran ba, wato a ɗora ta ta yi ja a bar ta ta huce a iska har sau uku kafin shayarwa, don ƙwayar ta yi ƙanana. Na ɗauko madubin ƙara girma na duba karayar. Tana ƙyalli ɓaro-ɓaro kamar sukari. Na ja layi a kan abin da na rubuta da safe.

Ke nan gwajin 175 bai gudana ba sam. Sai na sake.

Daɗi ya kama ni duk da haka, irin daɗin da mutum ke ji in an warware masa ƙulli. Na ce, "Kawu, kun ga dai amfanin karyawar, da ba ta karye ba da ba ku taɓa cikinta ba." Ya yi murmushi ya ce in ya ga dama zai yarda. Na ba shi labarin Bafaranshen nan Charpy da ya fito da gwajinsa a 1901: a yanko ɗan sandan ƙarfe, a yi masa tsaga, a saki guduma mai reto ta dake shi, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. Har yau da irinsa kamfanonin ƙarfe ke gwada juriya, har da masu yin ƙarafan zamani irin su S7 da CPM 3V da ake yabo a wuƙaƙen sara. Kawu ya ce to su Turawa ƙarfe ya yi musu yawa.

Muka ɗaure ta uku a bayis, na zura bututu a ƙotar, na ja. Ta bi ni, ta bi ni, har ta kai inda nake so, ba ta tsage ba. Da na saki ta dawo rabi ta tsaya a karkace. Auta ya yi kabbara.

A nan ne abin da ya hana ni barci ya faru. Na kwance ta na kai wa Kawu cikin murna, na ce, "Ku duba shuɗin bayan nan, daidai yadda kuka koya mini, ya sauko ya tsaya bai taɓa baki ba." Ya karɓa ya ce, "Madalla, ya yi kyau." Amma bakin addar yake kallo. Wurin da babu shuɗi ko ɗigo, fari tas da na wasa. Ya daɗe yana gyaɗa kai a kansa, sannan ya miƙo mini.

Ban ce komai ba. Auta bai lura ba.

Mutumin nan shi ya koya mini launuka ina ɗan shekara goma sha biyu. Ya goge ƙarfe da dutse har ya yi fari, ya ɗora a kan garwashin ƙirya, ya riƙe mini ƙeya ya ce kada in ƙifta. Launin busasshen kara ya fara tafowa, sai na zuma, sai na wuyan tantabara, sai shuɗi. Ya ce kara na wuƙa ne, shuɗi na abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo. Sai da na girma na ga an rubuta su da lamba, kara wajen digiri 220 zuwa 230, shuɗi kusan 300, kuma babu inda ya kuskure. Da ido kawai. Yau ga shi yana yaba shuɗin da bai gani ba, don kada in gane.

Tun ɗazu nake haɗa abubuwa. Shekara biyu ke nan da ya bar shayarwa ga yara, ya ce bayansa ne. Ya daina zuwa masallacin asuba shi kaɗai. Ranar suna ya gaida Yaya da sunan wani, muka ɗauka tsufa ne. Kuma yau da ya karkata wajen ƙofa na ga wani fari-fari a tsakiyar idonsa na dama, na kawar da kai. Kullum muna tare a maƙera ɗaya, ni ina ta auna ƙwayar ƙarfe da madubi.

In yanar ido ce, aikinta ba ya daɗewa, na san mutane biyu a unguwarmu da aka yi wa suka koma karatun Alƙur'ani. Wahalar ita ce wa zai faɗa masa. Kawu ba ya son a tausaya masa, in na tunkare shi kai tsaye zai ce idonsa ya fi nawa, ya ɗauke ƙafa daga maƙera mako guda. Na kira Yaya bayan isha'i, wayarta a kashe. Uwargida ta ce in bi ta wajen Inna, ita kaɗai yake jin maganarta. Ina ga haka zan yi gobe bayan la'asar, in tafi mata da goro.

Ƙashin saniya bai samu shiga ba yau, yana nan a buhu. Mai faskare ya aiko a tambayi addarsa, na ce a ba ni mako guda. Gawayi ya kusa ƙarewa.

Sauran sifirin zai fitar da adda ɗaya. Litinin zan ƙera ta, in shayar bayan magariba, ƙofa a rufe, in barbaɗa mata ɗan gishiri a baya tunda shi a 801 yake narkewa, in ya narke na san saura kaɗan. Zan roƙi Kawu ya tsaya har lokacin. In ta huce zan karya ɗan guntun da na bari a ƙarshenta in sa masa a hannu, ya gaya mini ko gari ne.