Godiya ga duk wanda ya taya mu nemo Yayan Kaka

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, neman da muka shafe shekara biyu muna yi ya zo ƙarshe. Mun gano iyalan yayan kakarmu a Sudan, suna nan da ransu a Gadarif. A madadin gidanmu nake rubuta wannan, domin mutanen da suka sa mana hannu sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san mafarin ba: yayan Kaka ya bar Kano a ƙafa zamanin Sarki Abdullahi Bayero da niyyar aikin Hajji, ta hanyar da mutanen lokacin suke bi, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Abeche, Junaina, har bakin Nilu. Guzuri ya ƙare, ya tsaya aikin auduga a yankin Jazira na Sudan kamar dubban Hausawa, ya yi aure, zama ya miƙe. Wasiƙa biyu ta iso gida, daga nan shiru. Kaka tana yarinya ya tafi. Yau ta haura tamanin, kuma ba ta taɓa cewa "marigayi" ba in za ta ambace shi, sai dai "Yaya".

Godiyar farko tata ce. Ita ta riƙe sunan ubansu da kakansu da kakan ubansu a jere, kuma da wannan jerin aka yi aikin duka, don a Sudan suna huɗu ake rubuta wa mutum. Mun ɓata wata shida muna cigiya da laƙabin da ake kiransa a gida, ashe a takardun can duk Garba Abubakar ne, duk Audu Abdullahi. Har wani ya karɓi kuɗinmu ya haɗa mu da gidan da ba namu ba. Mun yafe masa, amma ba mu manta ba.

Sai ƙanenmu ɗalibi, wanda yake karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartum har yaƙin Afrilun 2023 ya dawo da su gida. Shi ya ce mu daina tambayar wa ya san wane, mu tambayi jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ya fahimtar da mu cewa iri biyu ce: ta haihuwa, da ta tajannus, wadda baƙo ke nema a ba shi. Dokar 1957 ta ɗauki mutum ɗan ƙasa na asali ne in shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ku duba fa, ko jama'ar da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 sun makara da wannan lissafi, balle wanda ya zo daga baya. Dole Yaya ya bi ta tajannus, ya cika shekara goma a ƙasar, ya kawo shaidu, ya faɗi inda ya fito. 'Ya'yansa sun ce wannan takarda ta sha jawo musu gori, ana ce musu Fallata, sunan da ake kiran waɗanda asalinsu Afirka ta Yamma ne. Mu kuwa ita ta kai mu ƙofarsu, don a jikinta aka rubuta Kano. Ƙanena, Allah Ya ba ka ikon ƙarasa karatunka.

Muna godiya ga limamin wani masallacin Hausawa a Gadarif, wanda ya karanta cigiyarmu bayan sallar Juma'a har sau uku, alhali jama'arsa na fama da ta kansu. A karo na uku ne wani dattijo ya tashi ya ce sunayen nan na mahaifinsa ne.

Godiya ta musamman ga matar wannan baffa namu, wadda yanzu muke kira Inna. Da yaƙi ya shiga birnin Wad Madani a Disambar 2023 suka fito ba su ɗauki ko tukunya ba, amma ta naɗe takardar surukinta a leda ta ɗaure a ƙugu. Na tambaye ta dalili, ta ce a hanya takarda ake tambaya, ba tukunya ba. Inna, Allah Ya saka da Aljanna.

Haka malamin unguwarmu da ya zauna da hoton da aka turo ta WhatsApp, tawada ta koɗe, ya warware rubutun harafi harafi. Ranar haihuwa an sa 1 ga Janairu, ya ce kada mu dogara da ita, ƙiyasi ne aka saba yi wa wanda ba shi da takardar haihuwa. Sunaye huɗun kuwa sun zo daidai da na bakin Kaka. Da muka ƙara girman hoton muka miƙa mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan tsagen kumatunsa ta ce na gidansu ne.

Yaya ya rasu tuntuni, an binne shi a wani ƙauye kusa da Madani. Ya bar 'ya'ya bakwai, huɗu na raye, Hausarsu ta gauraya da Larabci amma muna fahimtar juna. Waɗanda suka yaɗa cigiyar a Facebook, da waɗanda suka haɗa abin da muka aika musu na abinci, Allah Ya bar zumunci, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Kaka ta ce a yi masa saukar Alƙur'ani, tunda sai yanzu ta karɓi gaisuwa. Za a yi ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar a gidanmu, kuma za a haɗa mutanen Gadarif ta waya in layi ya yarda.