Ashe dai iskar ce ta taɓa Gwaggo

Kusan shekara biyu kenan da hannun gwaggota ya fara ciwo. Ita ce mai suyar ƙosai da doya a bakin titi nan Agege, tun ina firamare take wannan sana'ar, murhun itace a gabanta, danfo na wucewa suna bulbulo mata baƙin hayaƙi, ga janareton mai aski a bayanta yana ruri tun safe har dare. Da asuba sai yatsunta su sandare ko matsami ba ta iya riƙewa, sai an fi awa guda kafin su saki, kuma hannu biyun ne lokaci ɗaya, gaɓoɓin sun kumbura suna zafi.

Kun san halin mutanenmu. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce sammu aka yi mata saboda ciniki, wata tsohuwa a layinmu kuwa ta rantse iska ce ta taɓa ta. An sha rubutu, har hayaƙi aka yi mata wai a kori iskar, hayaƙi a kan hayaƙi kenan. Wani ƙaramin asibiti da muka fara zuwa wata shida suna ɗura mata maganin kashe ciwo ba gwajin komai, sai da Allah ya haɗa mu da likitan gaɓoɓi aka ɗebi jini.

Ya ce amosanin gaɓɓai ne amma ba irin na tsufa ba, wannan garkuwar jikinta ce da kanta ta rikice, maimakon ta yaƙi cuta sai ta juyo tana cin gaɓoɓinta, kamar maigadi ya hau masu gida da duka. Sai ya ce Mama kina shan taba? Gwaggo ta zabura, a'uzubillahi, ni? Ya yi dariya ya ce to wace sana'a kike, da ta faɗa sai ya yi shiru yana gyaɗa kai.

Daga nan na shiga bincike a waya, abun ya ɗaure min kai wallahi, mene ne haɗin huhu da yatsa? Ashe a cikin hayaƙi akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira PM2.5, silin gashi ɗaya ya fi su kauri kusan sau 30, hanci ba ya iya tace su, suna zarcewa can ƙasan huhu wasu ma har cikin jini. Kullum huhu na fama da su kullum garkuwar jiki na cikin shirin yaƙi, a haka ne a jikin wasu take fara kuskuren gane nata da baƙo. Game da taba sigari da ƙurar fasa dutse an daɗe da tabbatar da haka. A 2022 kuma wasu masu bincike a Italiya suka duba mutum sama da dubu 80, suka ga waɗanda suka daɗe suna shaƙar gurɓatacciyar iska sun fi kamuwa da irin waɗannan cututtukan, musamman wannan na gaɓoɓi. Ba wai hayaƙi kaɗai ke kawo shi ba fa, akwai gado, kuma mata ya fi kamawa, 'yar uwarsa lupus ma, wata cutar da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, cikin mutum 10 masu ita kusan 9 mata ne.

To Italiya kenan, ina ga Legas? Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai gurɓatar iska ta kashe mutum wajen 11,200 a garin nan, kuma fiye da rabi yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ma'aunin PM2.5 da suka samu ya kai 68, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 cewa ta yi matsakaicinsa na shekara kada ya wuce 5. A 2018 ɗin ne ma bolar Olusosun da ke Ojota ta kama da wuta, duk wanda ya bi ta wajen a lokacin ya san abin da idonsa da maƙogwaronsa suka sha.

Abin da ya fi damuna shi ne mu 'yan Arewa kusan duk abincinmu a bakin titi yake. Mai shayi, mai tsire a kan garwashi, ɗan acaɓa a bayan salansar tirela, 'yan dako a Mile 12, direbobi da yaran mota da ke kwana a layin Apapa, masu babbakar ganda. Mai kuɗi ya ɗaga gilashi ya kunna esi a gosulo, mu kuma mu shaƙa, idan hunturu ya zo hazo ya ƙara nasa. Kuma tari muke jira mu ji kafin mu ce hayaƙi ya yi illa, ba wanda zai kawo ciwon gwiwa ko yatsa a lissafin.

Yanzu dai Gwaggo tana kan magani, akwai wanda sau ɗaya take sha a sati, kumburin ya ragu sosai. Mun yi karo-karo mun saya mata tukunyar gas, muka matsar da teburinta cikin layi nesa da titi, ita kuwa kullum mita, wai gas tsada, ciniki ya ragu, ƙosan ma ba ya ƙamshi irin na itace. Jiya tsohuwar nan ta zo sayen ƙosan ɗari biyu take ce min ai dama na faɗa muku iska ce, na ce ƙwarai kuwa Iya, ita ce, na ƙara mata guda biyu gyara.