Mun gama kwalin koyo, ga abin da na gani a ciki

'Yan'uwa masu koyo, ga inda muka kwana a teburinmu. Mun kai ƙarshen labarin da ke cikin kwalin koyon Dungeons & Dragons da muka fara da shi (wasan tebur ne da mai jagora ke ba da labari, sauran 'yan wasa kuma kowa na riƙe da jarumi ɗaya), jaruman sun hau mataki na 5 na ƙarfi, ƙaramin littafin dokoki kuma iyakarsa ke nan. Yanzu ni da nake jagorantar wasan nake ta shan tambaya: za mu sayi manyan littattafai ne ko wani kwalin? Kafin in ba su amsa na zauna na yi lissafin abin da kwalin ya ba mu da abin da ya ci mana, na ga ya dace ku ma ku ji, musamman waɗanda ba su riga sun fitar da kuɗinsu ba.

Namu shi ne kwalin Dungeons & Dragons da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, wanda ya sa wa farashin kusan dala 20. Idan ka buɗe, kayan ba su cika ido ba: littafin dokoki mai shafi 32, littafin labari mai shafi 64 mai suna Lost Mine of Phandelver, takardun jarumai biyar da aka riga aka cike, sai dayis shida ('yan ƙwayoyin jefawa masu lambobi), daga mai fuska huɗu har mai fuska ashirin. Babu 'yan mutum-mutumi, babu babbar taswirar shimfiɗawa a tebur. Manyan littattafan wasan kuwa uku ne, na ɗan wasa, na mai jagora, da na dodanni, kowanne kusan dala 50. Wato dala 20 a hannu ɗaya, dala 150 a ɗayan, ga mutumin da bai ma san ko wasan zai karɓe shi ba.

Abin da na fahimta bayan watannin nan shi ne, darajar kwalin tana cikin littafin labari, ba a dayis ko kwalliyar murfi ba. Dokokin kansu ana samunsu kyauta. Tun 2014 kamfanin ya saki taƙaitattun dokoki a intanet, a farkon 2023 kuma ya sanya ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su kyauta. Dokokin Pathfinder, wani wasa mai kama da wannan, su ma suna nan a buɗe a shafin Archives of Nethys. To me mutum yake saya ke nan? Yana sayen wanda zai riƙe hannun sabon mai jagora a zamansa na farko, lokacin da idanu huɗu ko biyar suka zubo masa suna jiran ya buɗe baki.

Bari in nuna muku da misali. Labarinmu ya fara da jarumai suna rakiyar keken kaya, sai suka tarar da matattun dawakai biyu sun tare hanya, kibiyoyi a jikinsu. Na karanta 'yan layukan da aka tanadar mini, na yi shiru. Mai riƙe da mayaƙi ta ce za ta sauka ta duba. Mai riƙe da matsafi ya ce a'a, shi zai tsaya a kan keken yana lura da daji. Nan take dokar farko ta shigo da kanta ba tare da na yi wa kowa lacca ba: jefa dayis mai fuska ashirin, haɗa da lambar da ke takardarka, mu ga ko ta kai abin da ake buƙata. Kafin a gama faɗan da ya biyo baya, kowa ya san yadda ake kai hari, yadda ake rage lafiyar jarumi, da yadda ake jiran layi. Shafin ya gaya mini inda maharan suka ɓuya, abin da za su yi idan suka ga ana cin galabarsu, da sawun da za su bari idan ɗaya ya tsere. Wannan tanadin shi ne abin da ba zan iya haɗa wa kaina ba a lokacin, ko da dokoki kyauta sun cika mini kwamfuta.

Takardun jarumai da aka cike su ma sun fi ƙarfin yadda ake raina su. Ƙirƙirar jarumi daga tushe na iya cinye zaman farko gaba ɗaya, sabon shiga yana zaɓen abubuwan da bai san amfaninsu ba. Da takarda a hannu, cikin 'yan mintoci an shiga wasa. Sha'awar gina nasa jarumin tana zuwa daga baya, bayan ya ga abin da yake so da wanda ba ya so.

A nan ne tsadar ɓoye take, kuma ya kamata a faɗe ta. Kwalin koyo ƙofa ce, an gina ta ne don a wuce ciki. Ba sabon abu ba ne: kwalin farko na 1977, wanda J. Eric Holmes ya tsara wa kamfanin TSR shekara uku bayan fitowar wasan, a mataki na 3 ya tsaya. Na Tom Moldvay a 1981 da jan kwalin Frank Mentzer na 1983 ma haka. Saboda haka kafin ka saya, juya bayan kwalin ka duba matakin da zai kai ka. Namu ya kai 5. Wani kwalin wasan namu, Essentials Kit na 2019, ya kai 6 a kan kusan dala 25, da dokokin ƙirƙirar jarumi da kuma hanyar yin wasa tsakanin mutum biyu kacal, mai jagora da ɗan wasa ɗaya tare da mataimaki. Dragons of Stormwreck Isle na 2022 a mataki na 3 ya tsaya, a kan kusan dala 20. Farashi ɗaya da namu, amma tafiyar ta fi gajarta. Wannan ba laifi ba ne ga teburin da ba shi da tabbacin haɗuwa kowane mako. Gajeren labarin da aka gama ya fi dogon da aka yar a tsakiya. Amma ga masu zama a kai a kai, ranar sayen babban littafi za ta zo da wuri.

Na samu damar zama a matsayin ɗan wasa a teburin wata mai jagora da ke amfani da Beginner Box, kwalin koyo na Pathfinder, bugu na biyu da kamfanin Paizo ya fitar a 2020. Ya fi tsada, kusan dala 40 lokacin fitowarsa, amma kuɗin yana bayyana a tebur: taswira mai fuska biyu, 'yan jarumai da dodanni na kwali masu tsayawa da ƙafarsu fiye da ɗari, da dayis masu launi daban-daban, ta yadda ba sai ka ce wa sabon shiga ya nemo mai fuska goma sha biyu ba, launin kawai za ka ambata. Labarin cikinsa gajere ne, sai dai kowane ɗaki na ƙarƙashin ƙasa doka guda yake koyarwa: nan faɗa, gaba hawa da sauka, can gaba tarko. Kayan kwalin nan kuma ba sa mutuwa da ƙarewar labarin, har yanzu tana amfani da su. Idan mutanenka masu son ganin abu da ido ne, ƙarin kuɗin bai tafi a banza ba.

Ga wanda bai da abokan wasa tukuna, kwalin Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, na 2019, yana farawa da labarin da mutum zai buga shi kaɗai, yana bin lambobin sakin layi yana koyon doka. Na Pathfinder ma yana da irin wannan a gajarce.

Abu ɗaya da babu kwalin da zai rage maka shi ne lokacin shiri. Kowane zama sai na karanta babin da ke gaba, na rubuta sunayen mutanen gari a ƙaramin kati da abin da kowannensu yake so, don kada in tsaya lalube a shafi ana jirana. Wannan aikin a wuyan mutum ɗaya yake, shi ya sa nake ganin adalci ne sauran 'yan tebur su haɗa kuɗin kwalin, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Shawarar da muka yanke ita ce littafin ɗan wasa kaɗai za mu saya yanzu, tunda kowa ya ƙagu ya gina jaruminsa. Dodanni zan ci gaba da ɗaukowa daga dokokin kyauta. Littafin mai jagora zai jira sai na gwada rubuta gajeren labari da kaina, a kan taswirar garin da muka riga muka sani, da mutanen da 'yan wasan suka saba da su. Idan akwai wanda ya bi wannan hanyar daga kwali zuwa labarin kansa, ina son jin yadda ya auna ƙarfin dodanni da na jarumai a mataki na 5, domin nan ne nake a yanzu.