Asabar ɗin da na saurari karatun Attaura

Wani maƙwabcina Bayahude a nan Landan ya gayyace ni majami'arsu ranar Asabar, kuma har yanzu abin yana raina. An fito da Attaura, rubutun hannu a kan fata, mai karatu yana bin layukan Ibrananci da ɗan tsinken azurfa don kada yatsansa ya taɓa rubutun. Sun kasa littafin kashi 54, suna sauke shi duk shekara. Abin da ya fi ratsa ni ya faru ne wajen cin abinci, inda wani dattijo ya ɗauko ayar makon mai umartar a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa kafin rana ta faɗi, ya dubi ɗansa mai shago ya tambaye shi ko ya sallami yaransa.